Ɗakin Gashin Ƙashi A Hanyar Gujungu: Zuwa Takwas Da Na Yi Da Ƙafata

Bayan an gama kaka matasan yankinmu kan haɗa kuɗi su sa kofi, ƙauyuka takwas ko goma su kara. A wasan kusa da na ƙarshe na ji ciwon nan. Filin makarantar firamare ne, rabinsa rairayi, rabinsa kuma laka ce da shanu suka tattake da damina, ta bushe da ramukan kofato. Na tashi sama zan sa wa ƙwallo kai, ina saukowa ƙafar dama ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan, ta lanƙwashe ciki, duk nauyina ya hau gefenta. Na ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Shekarata 36, na fi shekara 15 ina buga lamba shida, ni ne kuma kyaftin, amma ban taɓa jin zafi irin na ranar ba. Kafin a kira magariba idon sawun ya kumbura ya shafe, ba ka bambance shi da ƙwauri.

A kan babur aka kai ni gidan maɗorin garinmu. Dattijo ne, abokin mahaifina, Baba nake ce masa, ɗori kuwa gadonsu ne tun kaka da kakanni. Shi ya ɗora wa yayana hannu muna yara, kuma da hannun nan yake tuƙin mota har yau, don haka ba na cikin masu zagin maɗora. Ya shafa ƙafar ya ce ƙashi ya goce. Mutum biyu suka riƙe ni, ya ja, ya murɗa, ya yi tofi, sannan ya jera kara ya ɗaure da tsumma tamau. Cikin dare yatsuna suka yi sanyi ƙalau, suka fara sauya launi, zugi ya hana ni ko gyangyaɗi. Inna ce ta haska da fitilar waya ta ce, "Ɗan nan, ɗaurin nan ya yi yawa," ta sassauta shi da hannunta ba ta jira gari ya waye ba.

Sati uku ƙafar tana ɗaure. Da aka kwance, kumburi ya saɓe, amma gaɓar ta ƙage. Ba na iya tsugunawa diddigena a ƙasa. A zaman tahiya ba na iya kafa ƙafar dama, sai dai in kwantar da ita gefe kamar tsoho. Abin da ya fi damuna shi ne ƙafar ta daina riƙe ni: ina tafiya a kan kunya a fadama, ba tuntuɓe ba komai, sai ta gurɗe. Sau uku haka ta faru cikin wata biyu, ɗaya ina ɗauke da injin ban ruwa ni da ƙanena. Daga nan sai ƙugu ya ɗauka, ɓangaren hagu, inda ban taɓa buguwa ba. Na koma kemis. Diclofenac, maganin kashe zafin ciwo, safe da yamma, wani lokaci cikina ba komai, har ƙwannafi ya fara tashina da dare. Mai kemis ɗin bai taɓa tambayata kwana nawa na yi ina sha ba, miƙo kuɗi karɓi magani ne kawai.

Yayana ne ya gaji da ganina ina ɗingishi. Yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Haɗeja, ya ce akwai wani ɗan yankin nan da ya karanta aikin fisiyo, wato gashin ƙashi, yana aiki a asibitin gwamnati ranakun mako, Asabar da Lahadi kuma yana dawowa gida ya duba mutane a wani shago da ya gyara a bakin titi, kafin ka isa Gujungu. Ya ce, "Shirya, ranar Lahadi in zan wuce kasuwa in sauke ka."

Wurin ɗaki biyu ne da rumfar kwano a gaba. Benci biyu a rumfar, randa da moɗa, sai wani yaro mai littafi yana rubuta sunaye bi da bi. A ciki akwai gadon gwaji mai shimfiɗar leda, labule, sikeli, wata babbar ƙwallon roba, da hoton ƙasusuwan mutum manne a bango. Takardar shaidar karatunsa da lasisinsa suna rataye kusa da ƙofa, inda duk mai shiga zai gani. Lasisin na hukumar MRTB ne, wadda dokar 1988 ta kafa don rajistar masu wannan sana'a a Najeriya. Na tsaya na karanta, na duba shekarar da ke jiki. Ina ba duk mai zuwa irin wannan wuri shawara ya yi haka, domin yanzu masu tausa da injin jijjiga sun cika kasuwanni, kowa yana kiran kansa likitan ƙashi. Ɗakin fes yake, ana goge ledar gadon bayan kowane mutum. Na lura da wannan tun ina zaune, kuma ya kwantar mini da hankali.

Mutumin bai kai ni shekaru ba. Kowa Dakta yake ce masa, ni ma haka na bi, shi kuma da ya ji labarina sai ya riƙa kirana Kyaftin. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ya fi minti goma bai taɓa ƙafar ba. Tambaya yake ta yi. Ta wane gefe ta lanƙwashe? Na iya taka ta a ranar, ko da taku huɗu ne? Ina ne ya fara kumbura? Ciwon ƙugun yana sauka cinya ko yana tsayawa wuri ɗaya? Yana tashina daga barci? Na rame? Ina zazzaɓin dare ko tari? Fitsari da bayan gida lafiya? Akwai mai sikila a gidanmu? Da na ambaci diclofenac ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce, "Kyaftin, wata nawa?" Na ce kusan uku. Ya ce in dakata da shi daga ranar, domin irin wannan magani in aka daɗe ana sha yana cin ciki har ya kai ga gyambo, yana kuma taɓa ƙoda, balle ga mai yini cikin rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba. Ya ce in ƙwannafin bai lafa ba cikin 'yan kwanaki in je asibiti a duba ni, wannan ba ɓangarensa ba ne.

Sannan ya ce in cire takalmi in yi tafiya daga ƙofa zuwa bango, in dawo. Sau huɗu na yi yana tsugune yana kallon ƙafafuna. Ya sa na tsaya da ƙafar hagu kaɗai, na tsaya cak. Ya ce in sauya. Ƙafar dama ta kama rawa kamar ba tawa ba, ban kai daƙiƙa biyar ba na dafa bango. Sai gwajin da ba zan manta ba: ya sa na fuskanci bango, ƙafa a ƙasa, in tura gwiwa gaba har ta taɓa bangon ba tare da diddige ya ɗaga ba, yana ja da ƙafar baya kaɗan-kaɗan yana aunawa da rula. Ta hagu ta kai santimita 11 daga bango. Ta dama ta tsaya a 4. Ya nuna mini rular ya ce, "Ga ciwon ƙugunka nan." Gaɓar da ba ta lanƙwasuwa ta sa ina jefa ƙafar waje in zan taka, ina gajarta takun, ina jingina nauyi a hagu, wata uku ƙugun hagu yana ɗaukar kayan da ba nasa ba.

Da ya zo taɓawa, da babban yatsa ya bi bayan ƙashin idon sawu na waje, ya bi na ciki, ya danna gindin ƙashin ƙaramin yatsa a gefen tafin ƙafa, ya danna wani ƙashi a cikin lanƙwasar ƙafa. Babu zafi. Ya gangaro gaban idon sawu na waje kaɗan, wani ɗan lungu mai laushi, ya danna. Na zabura. Ya ce nan ne. Akwai wata jijiya gajera da ke ɗaure siririn ƙashin ƙwauri da ƙashin da ƙafa ke juyawa a kansa, ita ce ta fi yawan yagewa in ƙafa ta lanƙwashe ciki. Ƙarar da na ji a fili tata ce. Wuraren huɗu da ya fara dannawa, tare da tambayar taku huɗu, ƙa'ida ce da likitocin Otawa a ƙasar Kanada suka fitar a 1992 don gane wanda ya kamata a yi wa hoto saboda zargin karaya. Ya ce da a ranar da abin ya faru na zo, da ita zai fara. Tunda har ƙafar ta yi ta gurɗewa, ya rubuta mini takarda in je a yi hoto don a cire shakka. Na je babban asibiti a sati na gaba, hoton ya nuna ƙashi lafiya lau, babu karaya, babu alamar tsohuwar gocewa.

Na tambaye shi kai tsaye, "Dakta, ke nan Baba kuskure ya yi?" Bai ɗaga murya a kan dattijon ba. Ya ce shi bai ga ƙafar a ranar ba. Amma ya ce targaɗe ba ya son ja da murɗa, kuma ba ya son a ɗaure shi sati uku ba motsi. Abin da yake so a kwanakin farko shi ne hutu, a ɗaga ƙafar sama da matashi, a naɗe ta ba tamau ba, a sa ƙanƙara cikin tsumma kamar minti 15 zuwa 20 in an samu, sannan a fara motsa ta da taka ta a hankali da zarar zafi ya bari. Da na ba shi labarin yatsuna da suka yi sanyi, ya yi shiru, sannan ya ce in je in yi wa Inna godiya. Ɗauri mai tsanani a kan gaɓar da ke kumbura yana tare jini, naman ya mutu, kuma ta wannan hanya ce wasu ke rasa hannu ko ƙafa gaba ɗaya. Ya ce ya ga irin haka da idonsa lokacin da yake koyon aiki a Asibitin Ƙashi na Dala, asibitin da ke karɓar irin waɗannan matsaloli tun 1959. Na koma gida ranar na zauna kusa da Inna na daɗe ban iya cewa komai ba.

Aikin hannun da yake yi ya sha bamban da tausar da muka sani. Ya kwantar da ni rigingine, ya tallafi diddigena da hannu ɗaya, ya ɗora ɗaya hannun a gaban gaɓar, yana tura ƙashin baya a hankali, ya saki, ya tura, ya saki, kamar mai lallashin ƙofar da ta cije. Babu fizga. Ya yi haka kusan minti uku, sannan ya bi naman sharaɓa da yatsunsa har zuwa agara, yana tsayawa a inda ya yi tauri. Da ya koma ƙugu ya sa na kwanta a gefe, ya ce in tura gwiwata cikin tafinsa da ƙarfi kaɗan, in riƙe, in ƙirga biyar, in saki numfashi. Ina saki sai ya ƙara miƙar da ƙafar gaba kaɗan. Sau uku ko huɗu. Bayan an gama ya mayar da ni bango da rularsa: daga 4 ta koma 6. A zama ɗaya.

Na tambaye shi sunan wannan salo. Ya ce yawancinsa daga ostiyofati, wata hanyar jinyar ƙashi da tsoka da hannu, ya samo shi, kuma ya yi kwasa-kwasai a kai bayan digirinsa, amma ya gaya mini a fili cewa shi fisiyo ne, ba zai ɗauki sunan da ba shi da takardarsa ba. Wannan gaskiyar ta ƙara masa daraja a idona. Ya ba ni tarihin a taƙaice yana aiki. Wani likita ne a Amurka, Andrew Still, wanda sanƙarau ya kashe masa yara uku a 1864, magungunan zamaninsa ba su tsinana komai ba. Mu da muka san abin da sanƙarau ke yi a lokacin zafi ba sai an yi mana bayanin halin da ya shiga ba. Daga nan ya koma nazarin ƙashi da tsoka da gaɓoɓi, a 1874 ya fito da hanyarsa, a 1892 ya buɗe makaranta a garin Kirksville na jihar Mizuri. A Amurka yanzu waɗanda suka fito daga irin makarantun nan cikakkun likitoci ne, suna rubuta magani suna yin tiyata. A Ingila kuwa aikin hannu ne, kuma tun dokar 1993 aka kafa tsarin da ya hana kowa kiran kansa mai ostiyofati sai mai rajista. Dakta ya ce Still ya ɗauka gyaran ƙashi zai warkar da kusan kowace cuta, kuma a nan ya zarce. Abin da shi ya riƙe daga koyarwar shi ne jiki a haɗe yake, inda ke kuka ba lallai nan aka buga ba. Ƙuguna shaida ne.

A zuwa na biyu ya yi mini abin da mutane suka fi so, wato ya murɗa ƙugun har ya yi ƙara. Sai da ya nemi izinina tukuna. Na ji sakayau, na ce masa ƙashin ya koma. Ya ce babu ƙashin da ya fita balle ya koma. Iska ce a cikin ruwan gaɓa ke yin ƙarar, irin wadda ake ji in an ja yatsu, kuma sauƙin da ke biyo baya na ɗan lokaci ne. Sau biyu kacal ya yi mini shi a duk zuwan da na yi. Wata rana wani direban tifa a rumfa yana ta ƙorafi wai ya biya kuɗi ba a ƙara masa baya ba. Na fahimce shi, domin ni ma da farko na ɗauka ƙarar ce maganin.

Maganin na gaskiya a gida yake, kuma a nan ne na fi ganin ƙwarewar mutumin. Bai ce in sayi komai ba. Ya ce in je wurin mai faci in karɓo tsohon tubun babur, a yanka shi tsawo. In ɗaura bakinsa ɗaya a ƙafar gado, ɗaya a tafin ƙafata, in riƙa tura ƙafar waje ina dawo da ita a hankali, sau 15, hawa uku. In tsaya a bakin dakalin ƙofar gida da yatsu, in ɗaga diddige sama in sauke ƙasa, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ɗaya. In tsaya da ƙafar dama kaɗai duk lokacin da nake asuwaki. Bayan sati biyu ya ce in rufe ido ina yi, bayan nan in koma kan matashi, daga ƙarshe kan rairayi ƙanena yana jefo mini ƙwallo ina mayar masa da kai. Ya yi mini bayanin dalili: a cikin jijiyoyin gaɓa akwai abin da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa take a ƙasa ba sai ido ya duba ba. In jijiya ta yage wannan saƙon yana raguwa, shi ya sa ƙafar ke gurɗewa kafin tsoka ta farga ta riƙe. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ita ce ke sake koya wa jiki.

A zuwa na uku na yi masa ƙorafi. Na ce, "Dakta, kuɗin tausa na biya, amma rabin lokacin ni nake wahala kana kallo." Ya ce hannunsa buɗe ƙofa yake yi, in ban shiga ba za ta sake rufewa kafin Lahadi mai zuwa. Ya ƙara da cewa ko a Ingila, ƙa'idar jinyar ciwon ƙugu da hukumar lafiyarsu ta fitar a 2016 cewa ta yi aikin hannu a haɗa shi da motsa jiki, kada a yi shi shi kaɗai. Akwai satin da aikin dashen shinkafa ya sha kaina ban yi atisayen ba ko sau ɗaya. Ban gaya masa ba. Ya kai ni bango, rula ta nuna na koma baya da santimita ɗaya. Ya ce, "Kyaftin, satin nan gona ta ci tubu." Daga ranar ban sake tsallakewa ba.

Abu biyu na gani a rumfar nan da suka sa na yarda da wurin fiye da abin da aka yi wa ƙafata. An kawo wani yaro ɗan shekara kamar goma sha biyu da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, hannunsa ya kumbura a wuyan hannu. Mahaifinsa ya ce a ɗan ja masa. Dakta ya duba, ya sa masa katako mai laushi ya naɗe sako-sako, ya rubuta takarda ya ce su wuce asibiti a yi hoto yanzu-yanzu, bai karɓi ko sisi ba. Na biyu wani tsohon ɗan kokawa ne da muka sani tun muna yara muna kallonsa a dandali bayan girbi. Ya zo da ciwon baya na wata biyar, ya rame, rigarsa tana yawo a jikinsa. Sun daɗe a ciki. Da suka fito na ji Dakta yana ce wa ɗansa, "Ba zan taɓa bayan Baba ba. Ciwon da ke tashin mutum da dare, ga rama, ga zufa, sai an duba ko tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya. Gobe ku kama hanyar Kano." Tsohon bai ji daɗi ba, ya ce tausa kawai ya zo nema. Dakta ya durƙusa gabansa yana ba shi haƙuri har ya yarda. Mai neman kuɗi kawai da ya tausa shi ya karɓi nasa.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma na faɗa masa da bakina. Jira ya yi yawa. Ranar Lahadi, saboda kasuwar Gujungu, mutane kan cika rumfar tun ƙarfe takwas. Na taɓa zuwa ƙarfe tara ban shiga ba sai bayan azahar, kuma sau biyu na ga an shigar da wani mai mota gaban waɗanda suka riga shi. Yaron mai littafi ne ke yin haka, amma gyaransa a wuyan mai wurin yake. Ɗakin ciki da zafi ya shigo ba ya zaunuwa, fanka ɗaya ce mai aiki da sola, rana na karkatawa ta mutu. Wayarsa kuma ba ta hutawa, wani lokaci hannunsa ɗaya a ƙafata ɗaya a kunne.

Babban giɓin shi ne babu mace mai aikin. Matata tana fama da ciwon kwankwaso tun haihuwarta ta huɗu, ga daka ga ɗiban ruwa, kuma ba za ta yarda namiji ya taɓa ta ba, ni ma ban matsa mata ba. A zuwa takwas da na yi, mata uku kawai na gani a rumfar, dukkansu tsofaffi. Ba don matan ƙauyukanmu ba su da ciwon baya ba ne, sun fi mu. Ya ce yana neman abokiyar aiki da za ta riƙa zuwa ko sau biyu a wata, har na gama zuwa dai ba a samu ba. Abin da ya iya yi shi ne ya zana mini motsi uku a takarda na kai mata, tare da gargaɗin in ta ji ƙafa tana sagewa ko fitsari yana kufce mata a tafi asibiti ba jinkiri.

Kuɗin da na biya a lokacin: naira 5,000 zuwan farko, 3,000 kowane zuwa bayan nan. In ka haɗa da kuɗin hoto da na mota, na kashe abin da ya haura 35,000. Ga manomi wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai da na sayar da buhun shanshera. Amma da na zauna na lissafa abin da na zuba a kemis wata uku, da kwanakin da na biya 'yan ƙwadago su yi aikin da ni zan yi da kaina, na ga ban yi asara ba. Kuma shi da kansa ya rage zuwan. Bayan na biyar ya ce in riƙa zuwa bayan sati biyu, a na takwas ya ce kada in dawo sai in wani abu ya taso. Ba ya ba da rasit, wannan ma ya kamata ya gyara.

Ciwon ƙugu ya tafi tun wajen sati na huɗu, ba tare da na sha ƙwaya ko ɗaya ba. Rula ta tsaya a 10, ta hagu tana 11, ya ce wannan ya wadatar. Kafin ya sallame ni ya fitar da ni bayan shagon ya sa na yi tsalle da ƙafar dama kaɗai, gaba da gefe, na yi gudu na karya kwana a kan duwatsu huɗu da ya jera. Ya koya mini yadda zan naɗe idon sawun kafin wasa, ya ce in yi haka na wasu watanni, in kuma ci gaba da tsayuwar asuwaki har ta zame mini ɗabi'a, domin ƙafar da ta taɓa targaɗe ta fi saurin sakewa. Ya kuma rubuta mini tsarin ɗumama jiki na minti 20 da FIFA ta fitar, wanda ake kira 11+, ya ce in kai wa yaran ƙungiyarmu. Da farko sun yi ta gunaguni, sun saba a zo a hau ƙwallo kawai. Yanzu ba a taɓa ƙwallo sai an gama shi. Mun kuma ɗauki yini guda da kwandon ƙasa da shebur mun cike ramukan kofaton nan.

Na je na gaida Baba maɗori bayan na warke, na kai masa goro kamar yadda aka saba. Ya kama ƙafar ya juya ta ya ce alhamdu lillahi. Na gaya masa batun ɗaurin da yatsun da suka yi sanyi, cikin ladabi, mu biyu kaɗai a zaure. Ya saurara har na gama, ya ce ya ji.

Wasan farko da na buga minti 60 na yi aka canza ni. Kashegari da asuba na kafa ƙafar dama a zaman tahiya, yatsu a ƙasa, ban tuna da ita ba sai da aka yi sallama. Golanmu kafaɗarsa ta dama tana damunsa tun wata biyu, ba ya iya jefa ƙwallo ta wuce rabin fili. Na karɓa masa lamba wurin yaron mai littafi, ranar Asabar za mu je, tun ƙarfe bakwai, kafin rumfar ta cika.